Kaye Bakwai da Autanmu Ya Bar Mini

Ni mai buga takarda ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina zama da mashin ɗina a inuwar wani dogon yaro, gaban wani biro, wato ofishin gwamnati, a Damagaram, ina buga wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki da ta kai ƙara. Karatuna a satifika, jarrabawar gama firamare, ya tsaya. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka na san abin da ke cikin littafin da zan ba da labarinsa. Ban sani ba. Har yau ba na jin Ingilishi, sai ƴan kalmomin ciniki da muke tsinta a bakin Kanawan kasuwa.

Mu ƴan Dakusa ne. Da na ci satifika aka kawo ni unguwar Zango a Damagaram wurin wani ɗan'uwan Inna in koyi mashin. Autanmu kuwa, wanda na ba shekara goma sha ɗaya, shi Allah ya buɗe wa kai. Ya yi kwalej, ya yi lise, ya tafi jami'a a Yamai ya karanta Ingilishi. Da ya samu lisans, digirin farko, aka tura shi Gure koyarwa a kwalej, amma saura masa mataki ɗaya, wanda suke kira metiris. Ya gama darussa, ya ci jarrabawa. Abin da ya rage shi ne ya rubuta littafin bincike, ya kai kwafi huɗu a buge, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. In ya samu, za a ɗaga shi zuwa lise, har ana maganar a tura shi waje ya ƙaro karatu ya dawo ya koyar a jami'a. Duk danginmu ba wanda ya taɓa zuwa kusa da wannan.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, shekarar da aka rufe iyaka da Najeriya, ya gama rubutawa. Lokacin Baba da Inna da matan ƴan'uwana biyu da ƴaƴansu sun riga sun baro Dakusa sun taru a gidana na Zango, don rumbu ya ƙare kuma ba abin da za a zuba masa. Mazan sun tafi neman abin da za su samu. Baba yana wuni a zaure ba ya magana.

Auta ya iso da leda a hammata. Matata, Allah ya jiƙanta, tana wasa da shi irin na matar wa da ƙanin miji, ta tare shi tun daga tsakar gida.

"Sannu da zuwa, Baturen Dakusa. Mu muna jiran buhu, kai ka zo da leda?"

"Uwargida, wannan ledar buhu ɗari ce. Haƙuri kawai za ki yi."

"To a dafa mana shafi biyu mu gani ko zai riƙe ciki."

Ya kwance ledar a kan tabarma. Kaye bakwai ne, littattafan rubutu irin na ƴan lakwal masu zuwa aji, cike da rubutunsa ƙanana. Inna ta tambaye shi me ke ciki. Ya ce labarin wasu mawaƙan Ingila ne na dā, da yadda suka yi waƙa a kan talakawan ƙauye da suka bar gonakinsu suka shiga birni.

"Su ma fari aka yi musu?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Masu hali ne suka shinge gonakin."

"Allah sarki," ta ce. "Gara namu, daga Allah ne."

Nufinsa ya aika da kayen Yamai wurin masu bugawa na can. Da na ji haka sai raina ya sosu. Albashinsa duk a hatsin gidana yake ƙarewa, ni kuwa ban taɓa yi masa wani abu a karatunsa ba sai addu'a. Na ce, "Ina raye, ina da mashin, a kai takardarka wurin bare?"

"Yaya, Ingilishi ne fa."

"Baƙi ai baƙi ne. Abin da ido ya gani hannu zai buga."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce to. Na sha tambayar kaina ko wannan shirun yana nufin bai so ba, kunyata ce ta hana shi musu. Washegari ya je kasuwa ya sayo ram biyu na takarda, kowane ƙunshi guda ɗari biyar, da karbon, da sabon ruban na mashin. Ya ce littafin zai kai shafi ɗari da talatin, takardar ta isa har ta yi saura da yawa. Ya gaya mini cewa malamar da ke duba aikinsa, wata tsohuwar Baturiya da yake kira Farfesa, za ta koma ƙasarsu ƙarshen shekarar lakwal, ba za ta dawo ba, kuma ita kaɗai ce ta san wannan fanni a jami'ar. Lalle littafin ya kasance a hannunta kafin faɗuwar ruwa. Muna da wata bakwai.

A bakin zaure, yana sa takalmi, ya ƙara da dariya, "Tsohuwar akwai tsabta, Yaya. Ba ta son takarda da datti."

Da dariya ya faɗa, na tabbata da wannan. Amma ni ban ji dariyar ba, maganar na ji.

Ga yadda nake aikin. Bayan sallar asuba in haske ya fito sai in shimfiɗa tabarma a ɗakina, in ɗora mashin a kan akwati. In jera farar takarda huɗu da karbon uku a tsakaninsu, in daidaita bakinsu, in sa a mashin. In ɗora ma'auni a ƙarƙashin layin da nake kai a kaye don idona kada ya zame. In karanta baƙi huɗu ko biyar, in buga, in koma in duba. In layi ya ƙare sai in sake bin sa daga ƙarshe zuwa farko, baƙi da baƙi, yatsa ɗaya a kaye, ɗaya a takarda. A Faransanci in na yi kuskure kunnena yana gaya mini, ko da ban san ma'anar kalmar sosai ba. A nan kuwa ba mai gaya mini komai. In na yi shakkar wani baƙi a rubutunsa, sai in bi kayen duka ina neman inda kalmar ta sake fitowa. Wani lokaci safiya guda tana tafiya a kan wannan.

In kuskure ya faru fa? Akwai farin ruwan da muke shafawa a kai, amma yana barin tabo kamar kyasbi a fuska. A kwafin karbon kuwa in ka goge sai wurin ya yi baƙi. Na tuna tsohuwar ba ta son datti. Na ga a raina ta ɗaga shafin da yatsa biyu, ta tambayi autanmu wa ya buga masa wannan, ta mayar masa da wahalar shekara biyar saboda ni. Sai in zare takardun huɗu, in zagaye kuskuren da fensir, in tura su ƙarƙashin gado, in sa sababbi. Sau da yawa a layin ƙarshe na shafi hannuna yake zamewa, don a nan tsoro ya fi kama ni.

Ga kuma yunwa. Ba na son in fake da ita, amma tana cikin labarin. Sau ɗaya muke ci a wuni, jar dawar nan ta taimako da take shan jiƙo kafin ta daku, wani lokaci da anza, ƴaƴan itacen daji, da mata suka kwana biyar suna sauya wa ruwa don ɗacinta ya fita. In hantsi ya yi sai baƙaƙen su riƙa hawa kan juna a idona. A wurin aikina kuma layi ya ƙaru. Mutanen ƙauye sun cika gari, kowa yana son a buga wa ɗansa wasiƙa zuwa Kano ko Agadas ko Libiya, kuma duk wasiƙa ɗaya ce: muna gaisuwa, shanu sun ƙare, ka aiko da abin da ka samu. Waɗannan da gudu nake buga su a kan kowace irin takarda, da kuskure da komai, ba wanda ya taɓa dawo mini da ko ɗaya. Ban yi tunanin wannan ba a lokacin.

Da hutun sanyi ya zo da rabin buhun gero a bayan mota. Bayan ya gaida su Baba ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Yaya, ina aiki?"

"Da godiya."

"An yi nisa?"

"Ana ta yi."

Na ɗauko shafi goma na sama na miƙa masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe su ta gefe-gefe, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wallahi Yaya, kamar daga gidan ɗab'i. Ko a Yamai ba mai yin haka." Ranar shafi ashirin da biyu ne kawai a hannuna, wata biyu da rabi sun tafi. Bai tambayi nawa ba ne. A wurinmu ƙani ba ya cewa wansa kawo in ƙirga. Ni kuma da na ji yabon, sai na ga ba zan iya ba shi sauran da ya gaza waɗannan goma ba.

Ban yi masa ƙarya ba, haka nake gaya wa kaina a lokacin. Ana ta yi, ai gaskiya ne. Yanzu na san wace irin gaskiya ce.

Matata ce ta fara ganewa. Tana shara ta jawo tulin takardun da ke ƙarƙashin gado.

"Malam, waɗannan fa?"

"Ɓatattu ne."

"Me ya ɓata su?"

Na nuna mata zagayen fensir. Ta kai takardar bakin ƙofa wurin haske, ta ƙanƙance ido.

"Wannan? Wannan da bai kai kashin ƙuda ba?"

"Ke ba ki san aikin ba."

"Ban san aikin ba. Amma na san kaye bakwai ya kawo, huɗu kuma har yau ba su fita daga leda ba. Sanyi ya wuce, Malam. In nauyi kake ji, bar ni da shi. Ni ba abin da ba na faɗa masa, cikin wasa zan sako maganar."

Na ce ban yarda ba, kuma kada in ji ta a bakinta. Ta dube ni, ta mayar da tulin inda ta same shi, ta ci gaba da shara. Mace ce mai bin magana. Da ma ranar ba ta bi ba.

Sau uku na buga masa wasiƙa in gaya masa inda aka tsaya. Kowace in na karanta sai in ga za ta tayar masa da hankali a banza, ga shi can Gure shi kaɗai yana fama da yara masu suma a aji don yunwa. Sai in zauna in yi lissafi: in na yi shafi biyu a rana daga gobe, zan gama da sauran kwana goma. In yaga wasiƙar. Bayan mako biyu lissafin ya koma shafi uku a rana. Ban taɓa yin shafi uku a rana ba ko sau ɗaya.

Da bazara ta kama na ga gindin ram na biyu. Na tafi wurin wani Alhaji Bakano mai shagon kayan lakwal a Zango, wanda muka daɗe muna hulɗa.

"Alhaji, takarda nake so, ko rabin ram ne."

"Malam sakatare, kai ma ka sani. Iyaka a rufe. Wanda zai ratsa daji ya sayar da ransa, gero zai ɗauko ko takarda?"

Na zaga shaguna har unguwar Birni. Wani ya ba ni guda arba'in, masu ruwan ƙasa-ƙasa, ba irin na farko ba. Na kawo gida na ajiye, na kasa sa su a mashin, don launinsu bai dace da sauran ba.

Ya zo ranar wata Talata bayan azahar, zafi kamar a tanda. Daraktan kwalej ya ba shi kwana goma, kuma ya samu wuri a wata babbar mota da za ta tashi Yamai da safe. Ya yi aski. Ya gaida kowa, ya sha ruwa, ya zo ƙofar ɗakina da fara'a.

"Yaya, na zo karɓar amana."

Na ɗauko abin da na gama, kashi huɗu, kowane na ɗaure shi da zare. Ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannunsa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya juya zuwa shafin ƙarshe ya duba lamba. Hamsin da takwas.

"Sauran fa, Yaya?"

Matata tana tsaye a bayansa. Ta ratsa mu ta shiga ɗaki, ta durƙusa ta jawo tulin nan har tsakar gida. Ya kusa taƙi tsawo in an jera. Auta ya tsuguna ya ɗauki na sama.

"Wannan me ya same shi?"

Na nuna masa zagayen. Baƙi ɗaya ne ya fito sau biyu.

"Yaya," ya ce a hankali, "ai da alƙalamin bik ake gyara wannan. Kowa haka yake yi. Ita kanta Farfesa da bik take gyara nata."

Sai kuma na ga wani haske ya zo masa. Ya ce, "To ai shi ke nan! In ka buga su, ko da kuskure ne, mu tsince su mu haɗa." Ya fara ɗaga takardun da sauri yana duba lamba, yana jerawa a kan tabarma. Ni na san abin da zai samu. Shafi na ɗaya. Shafi na ɗaya. Na biyu, na biyu, na biyu. Shafi na ɗaya kaɗai sau goma sha ɗaya ya same shi. Ya bi tulin har ƙasa, bai samu lamba ko ɗaya da ta wuce hamsin da tara ba. Ya zauna a ƙasa sosai, ya yi wata ƴar dariya gajera da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Lafiya, Auta?"

"Lafiya lau, Inna. Aikin Yaya nake yabawa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tattara kayensa da shafi hamsin da takwas ɗin, ya sa a leda. Da safe na raka shi tasha, da mota za ta tashi ya ce, "Ba komai, Yaya. A yi mini addu'a."

Bayan kwana tara ya dawo. A zaure ya ba ni labari, a taƙaice, idonsa a ƙasa. Farfesa ta karanta abin da aka buga ta ce aikin yana da kyau, ta ba shi mako guda ya kawo sauran. Masu buga Ingilishi a Yamai ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowa tebur ɗinsa cike da littattafan wasu ɗalibai da suka kai tun sanyi. Ya ari mashin ya zauna da kansa da yatsa biyu, ya yi shafi goma sha huɗu. Kwanakinsa suka ƙare. In ya ƙara ko kwana uku za a rubuta ya gudu daga aiki a tsayar da albashi, kuma da albashin nan mutum goma sha tara suke ci a gidana. Ya roƙe ta ta karɓi rubutun hannu, ta ce ba a hannunta dokar take ba. Ta yi alkawarin barin wasiƙa ga wanda zai gaje ta.

Ya miƙa mini ledar. "Ajiye su, Yaya. Can ba ni da wuri."

Wanda zai gaje ta bai zo ba sai bayan shekara biyu, kuma da ya zo ya ce wannan ba fanninsa ba ne, sai dai a sake sabon bincike daga farko. Kafin nan Baba ya rasu, ɗaya daga cikin ƴan'uwanmu bai dawo daga tafiya ba, ƴaƴansa suka koma hannun auta. Bai sake ba.

Ni kuwa ban daina bugawa ba. Ba wanda ya sa ni. Da takarda ta fara shigowa na saya kaɗan-kaɗan, na ci gaba daga shafi na hamsin da tara, har na sake buga goma sha huɗun nan nasa. Yadda na saba haka na yi, ban iya wata hanya ba. Ya ɗauke ni fiye da shekara. Na kai wa mai ɗinkin littafi ya yi musu bango shuɗi, kwafi huɗu, shafi ɗari da talatin da shida kowane. A tsakiyar damina na shiga mota zuwa Gure. Hanya duk kore, gero ya kai ƙugu.

Na same shi a ɗakin haya na ƙasa, yana gyaran kayen yara. Ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma, ya aika aka sayo fura. Na ajiye littattafan a gabansa. Ban san me nake jira ya ce ba. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe, ya fara karantawa, ya manta da ni. Ina ganin leɓensa yana motsi. A wani wuri ya yi murmushi, a wani ya girgiza kai. Har aka kira la'asar yana karatu. Sannan ya rufe, ya shafa bangon da tafin hannu.

"Ban ga kuskure ba, Yaya. Ko ɗaya."

Ya haɗa su huɗun ya ɗaure, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ka koma mini da su. Ɗakin nan yana yoyo."

Na ɗaga kai na dubi rufin. Ban ga alamar ruwa ba, amma ban tsaya dubawa sosai ba, ba zan rantse ba.

A kwalej ya yi ritaya. Yanzu yana nan Damagaram, unguwarmu ɗaya, furfura ta kama shi kamar ni. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo ya gaishe ni, kuma har yau sai ya durƙusa, ko da gwiwa tana damunsa. Bai taɓa tambayar littattafan ba. Ina son in roƙe shi gafara da bakina tun muna da rai, na shirya kalmomin, na san ta inda zan fara. Amma na san zai ce ba komai, Yaya, kuma ni zan sa shi ya sake faɗar haka, shi da ya riga ya faɗa sau ɗaya a tasha da abin da ke cikinsa. Ban san wanne ya fi zama zalunci ba, in tayar ko in bari. Na tambayi wani malami, ya ce in roƙa. Juma'ar da ta wuce na yi niyya tun safe. Ya zo, muka gaisa, ya tambayi ƙafata, muka yi maganar tsadar gero, ya ce zai leƙa wani maras lafiya kafin la'asar, ya tafi.